Annabi Ya Ce Mama Za Ta Warke, Sai Ta Rasu. Na Faɗi Ke Nan?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a Samaru. Bara mahaifiyata ta kwanta ciwon ƙoda. Wata maƙwabciyarmu ta kai mu wurin wani da ake kira annabi. Ya ce asiri aka yi mata daga ƙauye, mu shuka iri, wato mu ba shi kuɗi, ta ajiye magani, cikin kwana 21 za ta miƙe. Muka sayar da injin markaɗenta muka kai masa kuɗin. A kwana na 19 ta rasu. Da muka koma, sai ya ce bangaskiyarmu ce ta gaza. Tun daga ranar na kasa addu'a. Ga kuma bidiyoyi a waya masu cewa an sauya Littafi Mai Tsarki. Na faɗi ke nan? Ta yaya mutum zai tsaya a irin wannan zamani?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke da ƙannenki, ya tsaya muku a wannan rashi. Sau uku na karanta saƙonki kafin na zauna rubutu, domin irin wannan magana ba a amsa ta a tsaye.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi shiga. Ba ƙarancin bangaskiyarki ne ya kashe mama ba. Aikin ƙoda tace jini ne. Idan ta gaza, dauɗa da ruwa su taru a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, magani da wankin ƙoda su ne ke riƙe da mai ciwon. Kwanan kowa a hannun Allah yake, wannan ba musu. Amma mutumin da ya dubi mai ciwon ƙoda ya ce ta ajiye magani, ya ɗauki alhakin rai a wuyansa. Da maganarsa ta faɗi ƙasa, maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya sauke kayan ya ɗora wa marayu. Ya ci kuɗinku, ya kuma bar ku da laifi. Na biyun nan ya fi yi mini ciwo, don injin markaɗe ana sayen wani, amma yarinyar da aka sa ta yarda cewa ita ta kashe uwarta tana iya yin shekara ashirin da wannan dutse a ƙirji.

Kin tambaya ko kin faɗi. Na ga wani abu ya rushe a cikinki, rushewa ta gaske. Amma mene ne ya rushe? Alkawarin kwana 21. To wa ya yi alkawarin? Ki ɗauki Littafinki tun daga Farawa har Wahayi, ba za ki sami inda Allah ya ce duk mai bin da ya kawo kuɗi zai tashi daga ciwo a ranar da aka yanka masa ba. Mutum ne ya rubuta takarda ya buga mata hatimin Allah. Da takardar ta fito jabu, sai zuciyarki ta kama wanda aka saci hatiminsa. Aikin da ke gabanki yanzu shi ne ki tsince abin da Allah ya faɗa daga abin da aka faɗa da sunansa, kamar yadda ake tsince tsakuwa daga shinkafa.

Ki buɗe Irmiya sura 28. Babila ta riga ta kwashe sarki da manyan gari da kayan Haikali, gari ya yi tsit da baƙin ciki. Sai wani annabi, Hananiya, ya miƙe a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce, in ji Ubangiji, kafin shekara biyu za a dawo da kayan da mutanen duka. Kin ga shi ma ya yanka lokaci. Irmiya yana tsaye da karkiyar itace a wuyansa, alamar bautar da ke gabansu. Abin da ya fara faɗa shi ne, amin, Ubangiji ya sa haka, don ba ƙin mutanensa yake yi ba. Sannan ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishirin salama, sai maganarsa ta cika za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a idon kowa. Da ni da ke muna cikin taron nan, wa za mu tafa wa? Mai karya karkiya mana, mai faɗin abin da kunne ke so. Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi. Daga baya Ubangiji ya komo da shi da saƙo: ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye ta, ka kuwa sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A wata na 5 Hananiya ya yi annabcinsa, a wata na 7 na wannan shekara ya mutu.

Sura ta gaba wasiƙa ce da Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila, kuma ba daɗi a cikinta ga mai gaggawa. Ku gina gidaje, ku yi lambuna, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke, shekara 70 za a yi. A tsakiyar wannan wasiƙa ayar nan ta 11 take, wadda ake mannawa a gilashin mota da ƙofar shago, cewa Allah ya san shirin da yake mana, na alheri ba na masifa ba. Ayar gaskiya ce. Sai dai manyan da suka fara jin ta, yawancinsu a Babila aka binne su. Alkawarin ya cika, amma ba da mudun Hananiya aka auna shi ba.

Littafi bai bar mu a duhu ba game da gane irin waɗannan mutane. A Maimaitawar Shari'a 18:22 an ce in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to Ubangiji bai faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Ba a ce a koma a binciki bangaskiyar masu sauraro ba. Annabin ake tuhuma. Sai maganar kuɗi, wadda a nan ake kama yawancinsu. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya da riguna, ya warke daga kuturta, ya roƙi Elisha ya karɓi kyauta, Elisha ya rantse ya ƙi. Baransa Gehazi ya bi bayansa a ɓoye ya karɓo, kuturtar ta koma kansa. Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce kuɗinka su hallaka tare da kai. Yesu da ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya cewa ya yi, kyauta kuka samu, ku bayar kyauta. Ikilisiyar farko ma ta sha fama da su. Wata tsohuwar takardar koyarwa da ake kira Didake, ta wajajen ƙarshen ƙarni na 1, ta ce baƙon da ya zo da sunan manzo a sauke shi kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku ko ya nemi kuɗi, na ƙarya ne.

Shi wannan shuka iri da ya cika gari, ayar da ake jingina shi da ita 2 Korintiyawa 9:6 ce, mai shuka kaɗan zai girbe kaɗan. Ki karanta sura 8 da 9 gaba ɗaya a zama ɗaya. Bulus gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, har ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi mutanen da za su raka kuɗin don kada wani ya zarge shi. Daga masu hali kuɗin ya tashi zuwa marasa hali. A naku kuwa daga gidan mara lafiya ya tashi zuwa aljihun mai lafiya. A misalin mai shuka ma, Yesu da bakinsa ya ce irin nan Maganar Allah ce. Koyarwar cewa ka ba mai wa'azi kuɗi Allah ya biya ka ninki daga Amurka ta bunƙasa, inda masu wa'azi irin su Oral Roberts suka yaɗa ta, ta iso mu ta kaset da talabijin, yanzu kuma ta waya. Ba daga manzanni muka gaje ta ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma ga waɗanda ya tayar bayan kowa ya fid da rai. Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Dattawansa, waɗanda suka san gidansa, kuma ba a sa farashi ba. Amma Littafin da ya ba mu wannan shi ne ya gaya mana Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya a jiki, aka ce masa alherina ya ishe ka. Shi ne ya gaya mana Bulus ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma shawarci Timoti kan abin da zai riƙa sha saboda ciwon ciki. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Elisha kansa ciwo ya yi ya mutu. Waɗannan duka bangaskiyarsu ce ta gaza? Maganar asiri daga ƙauye ma ki sake duba ta. Da almajirai suka ga makaho suka tambaya laifin wa ne, Yesu ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. Ina jin tsoron yau akwai gwaggo ko matar kawu da ba ku gaisawa da ita saboda maganar mutumin da bai taɓa ganinta ba. Raba mutum da danginsa da hana shi tambaya, shi ne matakin farko na duk mugun malami. A Kanungu ta Yuganda, a watan Maris na 2000, ɗaruruwa sun ƙone a cikin ɗakin sujadarsu. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawarwaki fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Ba wanda ya shiga yana neman mutuwa. Taimako suka je nema, kamar ku.

Dole in faɗi namu laifin mu fastoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da dattawa sun yi ta zarya gidanku lokacin jinya, da an tara wa mama kuɗin wankin ƙoda ko na sati biyu, da mun koya muku karanta sura sukutum maimakon aya guda, da wuya maƙwabciya ta ja ku. Lokacin da muke ta rigimar kujera da wane ɗan wace ƙabila ne, tumaki suna fita ta baya.

Ke 'yar Zariya ce, ya kamata ki san tushen da kike tsaye a kai. Dokta Walter Miller, wani Bature ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya yi shekaru masu bi ba su taka kara sun karya ba. A 1913 sai ga mutanen da ake kira Isawa, waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke girmama Annabi Isa suna neman ƙarin sani a kansa. Da yawansu suka karɓi bishara, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Suka yi gonaki, suka yi makaranta da ɗakin sujada. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗauke mutane, har wurin ya watse. Ki tuna, sababbin tuba ne, sun bar dangi sun taru saboda Almasihu, sai ga kaburbura. In da akwai waɗanda ke da hujjar cewa an yaudare su, su ne. Amma ragowarsu suka riƙe, kuma suna cikin waɗanda suka zama jama'ar Wusasa bayan mishan ta koma can a 1929. Majami'ar Bartalamawas, mai ginin ƙasa irin na Hausa, tana nan tsaye a gindin Kufena. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Irinsu Ibraniyawa 11 take nufi da ta ce sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Mamanki a wannan layi take, ba a layin waɗanda suka gaza ba.

Yanzu maganar shakka. An koya wa yaranmu cewa mai bi na gaske ba ya kokwanto, shi ya sa duk wanda ya ji shi a ransa sai ya ɓoye, ya yi ta ruɓa a ciki. Yahaya Mai Baftisma shi ya nuna Yesu da yatsa ya ce ga Ɗan Ragon Allah. Da Hirudus ya kulle shi, kwanaki suka yi ta wucewa ba abin da ya motsa, sai ya aiko da tambaya: kai ne mai zuwan nan, ko mu sa ido ga wani? Yesu bai ce masa ka faɗi ba. Ya ce ku je ku gaya masa abin da kuka ji kuka gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara. 'Yan saƙon Yahaya suna juya baya ya ce wa taro, cikin duk waɗanda mata suka haifa ba wanda ya fi Yahaya. Ki kuma lura da abin da bai yi ba: bai fitar da shi daga kurkuku ba. A can aka sare kansa. Yesu yana ƙaunarsa, ya yabe shi, bai kuwa buɗe ƙofar ba. Duk koyarwar da ba ta da wurin ajiye wannan labari, ba za ta iya riƙe mutum a bakin kabari ba.

Toma ya ce in bai sa yatsa a gurbin ƙusa ba, ba zai gaskata ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan kwana takwas har yanzu yana ɗaki ɗaya da sauran. Bai gaskata abin da suke faɗa ba, amma bai bar zama da su ba, su ma ba su kore shi ba, a nan kuwa Yesu ya same shi. Mahaifin yaron nan na Markus 9 kuka ya yi ya ce, na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, aka kuma karɓi addu'arsa a haka, rabi da rabi. Yahuza aya 22 umarni ce gare mu: ku ji tausayin masu shakka. Wadda ta faɗi ba ta damuwa ta rubuto ta tambaya ko ta faɗi.

Batun an sauya Littafi kuwa, tambaya ce mai amsa, kada ta firgita ki. An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci a ƙarni na 1, aka yi ta kwafarsa da hannu. Kwafe-kwafen Helenanci da suka rage har yau sun haura 5,000, wasu cikakku, wasu gutsattsari. Akwai ɗan guntun Yahaya sura 18 a Mancesta da masana da yawa ke sa shi a ƙarni na 2. Akwai babban kundin da aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, na ƙarni na 4, mai ɗauke da Sabon Alkawari dukansa, yawancinsa yana Landan, an ɗauki hotonsa shafi shafi an sa a intanet. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da Ishaya cikakke, wanda aka kwafa tun kafin haihuwar Almasihu, ya girmi kwafen Ibrananci da ake da su a lokacin da kusan shekara 1,000. Da aka gwada, Ishayan nan ne da muka sani, har da sura 53. Ba na ce miki babu bambanci ba. Mai kwafa da hannu yana tsallake kalma, yana kuskuren harafi. Ƙarshen Markus daga 16:9, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, ba su cikin kwafen da suka fi tsufa, kuma bugu da yawa sun rubuta haka a gindin shafi. Mu muka sa wannan bayani, ba wani ne ya bankaɗo mu ba. Ki cire wuraren nan biyu, mutuwar Yesu da tashinsa suna nan daram a Bishara huɗu da wasiƙun manzanni. Taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekara ta 325 da ake yawan ambata, kan koyarwar wani malami Ariyus game da Ɗan Allah ya zauna, ba zaɓen littattafai ya yi ba. In kuma kin ga Hausar Littafin kakarki, fassarar 1932, ta bambanta da ta naki, harshe ne ya motsa, tushen da aka fassaro ɗaya ne. Masu kawo miki wannan tambaya, ko abokan karatunki Musulmi ne ko wasu, ki amsa musu da ladabi, kamar yadda Bitrus ya ce, abin da ya fi ƙarfinki ki kawo mu duba tare.

Bulus ya ajiye dukan addininmu a kan abu guda. A 1 Korintiyawa 15, wadda ya rubuta kimanin shekara 25 bayan gicciye, ya ce Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Bitrus, ga sha biyun, ga mutum fiye da 500 waɗanda yawancinsu suna da rai lokacin da yake rubutun. Ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarku banza ce. Bai ce in wani naku ya mutu bangaskiyarku banza ce ba. Mutuwar mama ba ta mayar da Yesu kabari ba, tashinsa ne ma ya sa kabarinta ba shi ne ƙarshen zancenta ba.

Ba daga littafi kaɗai nake miki magana ba. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya iso Zariya, ina ƙaramin mai bishara. An ƙone majami'armu. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye matata da jaririnmu a ɗakin uwargidansa, ba zan manta masa ba har in mutu. Ranar Lahadi na je na tsaya a bakin ƙofa. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya zubo ciki, bencina sun zama gawayi, littattafan waƙoƙi in ka taɓa sai su zama toka a hannunka. Ban yi fushi da Allah ba, abin ya fi haka muni: ji na yi kamar ba kowa a sama. Sai ga wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata da tsintsiya da tabarma a hammata. Ko kallon ginin ba ta yi ba. Ta share gindin darbejiya, ta shimfiɗa tabarma ta zauna, mutane suka fara zuwa ɗaya ɗaya. Na durƙusa kusa da ita na ce, Mama, yau ba ni da wa'azi. Ta ce, ɗana, wa ya tambaye ka wa'azi? Buɗe ka karanta mana. Na karanta ƙarshen Habakuk, ko da ɓaure bai yi toho ba, ko da garke ya ƙare, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Bakina ne ya karanta, zuciyata ba ta bi ba. Ta yi watanni ba ta bi ba. Amma kowace Lahadi tsohuwar nan tana share wurin, ni kuma ina buɗewa ina karantawa, har wata rana na tarar ina gaskata abin da nake karantawa, ban kuma san ranar da bangaskiyar ta dawo ba. A watannin nan ba ni na riƙe bangaskiya ba. Yesu ya gaya wa Bitrus, Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku kamar alkama, amma na yi maka addu'a. Addu'ar nan ce ta riƙe ni, ta hannun tsohuwa mai tsintsiya.

Don haka kada ki matsa wa kanki sai kin ji wani abu. In addu'a ta ƙi fita, ari ta wasu. Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta, Allah kuwa ya bar ta a Littafinsa domin irin daren da kike ciki. Ki karanta su da murya, ki bi da Addu'ar Ubangiji, ya isa. Ki koma sujada a ikilisiyar da aka yi miki baftisma, ko a bencin baya ne, ko ba za ki iya waƙa ba. In ana Jibin Ubangiji kada ki ce sai kin warke, masu yunwa aka shirya wa. Ki nemi mace ɗaya babba a Zumuntar Mata wadda ta taɓa binne nata, ki gaya mata duk abin da kika gaya mini. Wayar kuma ki rage mata dare. An gina ta ne ta ƙaro miki irin abin da kika tsaya kallo, mai baƙin ciki da ƙarfe biyun dare kuwa ba ya iya auna hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, saboda haka in kin ji kina ƙyamar duk mai riƙe da makirufo, ba laifi, ki gwada mu duka. Mutanen Biriya sun bincika Littattafai kowace rana don su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, aka kuwa yabe su. In Bulus ya sha bincike, ni ma ki bincike ni. In kuma barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi shiga, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki ga likita a makon nan, ki kuma gaya wa wani babba a gida. Wannan ma ba gazawar bangaskiya ba ce.

Shi mutumin, kada ki koma wurinsa ke kaɗai, kada kuma ki ji tsoron bakinsa. Kwalbar man da ya ba ku, in tana nan, ki zubar, ba abin da zai same ki. Ki kai maganar gaban dattawan ikilisiyarku tare da kawunki, a rubuta ranar da adadin kuɗin da abin da ya faɗa game da magani, domin yanzu haka akwai wata mai ciwon suga ko hawan jini a layinsa. Gafara za ta zo a lokacinta, kuma gafara ba rufa masa asiri ba ce. Bulus ya bar Iskandari maƙeri ga hukuncin Ubangiji, amma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Maƙwabciyar da ta kai ku kuwa ki sassauta mata, ita ma kamun aka yi mata, wataƙila kunya ce ta hana ta shigowa gaisuwa.

Muna nazarin Littafi kowace Laraba da la'asar. Ki zo da na Hausa da na Turancin duka, za mu fara Markus daga sura 1 mu bi shi a jere har ƙarshe, har da wurin da na ce miki babu shi a tsofaffin kwafe, ki gani da idonki. Ki taho da ƙanenki mai bi miki, don shi ma ya ji abin da aka faɗa muku ranar da kuka koma, kuma ba wanda ya tambaye shi halin da yake ciki.